Godiyar Wanda Ya Haye Kogi

Nassin karatu: Luka 18:9-14, Nehemiya 1:1-11

A cikin dukan shaidun da ake bayarwa a majami'unmu, kaɗan ne suke tayar da guɗa kamar shaidar ɗan da ya sami tafiya karatu ƙasar waje. Iyaye su fito gaba da rawa, zumuntar mata ta rufa musu baya da kiɗan tulu, a kawo baikon godiya, fasto ya ɗora hannu ya roƙi Ubangiji ya kai shi lafiya. Wannan abu ne mai kyau, kuma bai kamata mu daina shi ba, gama babu wani alherin da yake shigowa hannunmu ba da sanin Allah ba. Sai dai a kowace irin wannan Lahadi akwai wata uwa a benci na baya, tana tafi tare da kowa, alhali kuwa 'yarta ta shiga shekara ta biyu a zaune a gida domin ba a sami kuɗin rajistar WAEC ba. Ita ma tana addu'a, ita ma tana azumi, tana kuma fitar da zakkarta. Sa'ad da muka ɗaga murya muka ce Allah ne ya buɗe wa wancan ƙofa, me muka faɗa wa wannan uwa game da ƙofar 'yarta? Wane ne ya rufe ta?

Wannan ita ce tambayar da nake so mu yi bimbini a kai. Tambaya ce ta tauhidi, domin ta shafi abin da muke faɗa a kan halin Allah. Tambaya ce kuma ta ɗabi'a, domin amsar da muka ba ta ita za ta nuna abin da mai gata zai yi da gatansa.

Abin da tafiya ta nuna

Hausawa sun ce tafiya mabuɗin ilimi. Wata 'yarmu a cikin Ubangiji ta sami tallafin karatu zuwa wata jami'a a arewacin Ingila, inda ta yi digiri na biyu a fannin lafiyar al'umma. Da ta dawo, aka ba ta lokaci a taron matasa ta ba da labarin tafiyarta. Ta ce abu uku ta gani, ɗaya bayan ɗaya, kowanne kuma ya fi wanda ya gabace shi nauyi.

Na fari, ta ga tazarar da ke tsakanin ƙasa da ƙasa. Laburaren jami'arsu ba a rufe shi dare da rana a lokacin jarrabawa. Makonni ta yi tana sauri ta sa wayarta a caji da zarar ta shiga ɗaki, kafin zuciyarta ta yarda cewa ba za a ɗauke wuta ba. Tun makon farko aka gaya musu ranar da za su miƙa kundin bincikensu, ranar kuwa ta zo ba a matsa ta ba. A gida, digirinta na shekara 4 ya ci kusan shekara 6, domin a shekarar 2020 malaman jami'a sun yi yajin aiki na wajen wata 9, a 2022 kuma suka yi na wata 8, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Ta ziyarci laburaren Bodleian a Oxford, wanda aka buɗe tun 1602, mai ɗauke da littattafai fiye da miliyan 13. Ta tsaya a farfajiyarsa tana tuna yadda ta yi digirinta na farko da kwafen takardun da rubutunsu ya dushe, su biyar suna karɓa-karɓa da littafi ɗaya.

Na biyu, ta ga cewa a can ma ba a raba daidai ba. Ta je Windsor, ta haye gadar kogin Thames zuwa Eton, makarantar da Sarki Henry na Shida ya kafa a 1440 domin yara matalauta 70 su yi karatu kyauta. Yau tana cikin makarantu mafi tsada a ƙasar, ta kuma fitar da firaministoci 20. Yara wajen 7 ne kawai cikin 100 suke zuwa makarantun kuɗi a Ingila, amma su ne suka fi yawa a manyan kujerun shari'a fiye da yadda yawansu ya kai. A garin da take karatu kuwa, ikkilisiyar da take sujada tana raba abinci kowane mako ga iyalan da ba su da abin kai wa baka.

Na uku, ta ga kanta. A can ita matalauciya ce. Tana aiki a gidan kula da tsofaffi, awa 20 a mako kamar yadda bizar ɗalibi ta yarda, tana lissafin kowane sulai kafin ta hau mota. Amma wata rana da dare ta zauna ta jera abubuwan da sai da ta same su kafin ma ta iya neman tallafin nan: fasfo, kuɗin jarrabawar Turanci, kwamfuta da intanet, malamin da ya san ta har zai rubuta mata takardar shaida, da wanda ya fara gaya mata cewa akwai irin wannan tallafi a duniya. Sai ta tuna da ƙawarta ta firamare, wadda kullum take ɗaukar na ɗaya ita tana na uku. Mahaifin ƙawar ya rasu suna aji shida, aka aurar da ita kafin ta kai sha shida. Ita kuwa mahaifinta malamin makaranta ne, tana da goggo a Jos wadda ta ɗauke ta zuwa sakandare. Bayan an tashi daga taron ta same ni, ta ce, "Baba, in na ce Allah ne ya zaɓe ni, ashe ina cewa ya ƙi ta ke nan?"

Amsoshi uku masu sauƙi

Akwai amsoshi uku da zuciyar mutum take saurin kamawa idan ta gamu da wannan tambaya. Kowacce tana da ɗan ƙamshin gaskiya, shi ya sa take da haɗari.

Ta farko ita ce, ƙoƙarina ne. Lalle ɗalibin ya yi ƙoƙari. Ya hana idonsa barci, ya yi karatu da fitilar waya sa'ad da wasu suke yawo. Littafin Karin Magana bai taɓa yabon rago ba. Amma manomi biyu za su iya fita da asuba ɗaya, su zubar da gumi iri ɗaya, ɗaya a fadama ɗaya a kan fako. Idan kaka ta yi, mai fadama ba shi da bakin da zai ce wa mai fako ka cika lalaci. Manzo Bulus ya tambayi Korintiyawa su nuna masa abu ɗaya da suke da shi wanda ba karɓa suka yi ba, in kuwa karɓa suka yi, ina dalilin fahariya (1 Korintiyawa 4:7). Babu wanda ya zaɓi cikin da zai haife shi, ko garin da za a yanke masa cibiya, ko ƙwaƙwalwar da zai zo da ita. Ko Daniyel da abokansa, waɗanda muke yabon himmarsu a makarantar Babila, nassi ya gaya mana daga gidan sarauta da gidajen manya aka ɗebo su. Kafin su nuna aminci, an riga an ba su abin da dubban 'ya'yan Yahuza ba su samu ba. Musa ma ya gargaɗi Isra'ila tun suna jeji, kada ranar da suka ci suka ƙoshi su ce ƙarfin hannunsu ne ya tara musu (Maimaitawar Shari'a 8).

Amsa ta biyu ta fi kama da ibada, ita ce, rabo ne. Mukan ce rabon kwaɗo ba ya hawa sama. Wanda aka rubuta zai yi karatu zai yi, wanda ba a rubuta masa ba sai haƙuri. Maganar tana da sanyi a kunne, musamman kunnen wanda ya samu. Amma Ubangijinmu Yesu bai yarda a karanta wahalar mutum kamar takardar hukunci daga sama ba. Da almajiransa suka so su san laifin wane ne ya sa aka haifi wani makaho, ya ƙi ɗora laifin a kan mutumin ko iyayensa (Yohanna 9). Da aka yi zancen mutum 18 da hasumiyar Siluwam ta faɗa wa, ya ce ba su fi sauran mutanen Urushalima laifi ba (Luka 13).

Har wa yau, idan muka duba da idon gaskiya, yawancin ƙofofin da suke rufe a gaban 'ya'yanmu akwai shatar hannun mutum a jikinsu. Tun 2004 dokar ƙasarmu ta ce karatun shekara 9 na farko kyauta ne kuma dole ne ga kowane yaro. Duk da haka asusun yara na Majalisar Ɗinkin Duniya ya daɗe yana ambaton yara miliyan 10.5 da ba sa zuwa makaranta a Najeriya, mafi yawansu a Arewa. Idan iska ta kware rufin aji, aka ware kuɗin gyara, kuɗin ya bi ta aljihun wani, wannan ba rabo ba ne, sata ce. Idan malami ya yi watanni ba albashi har ya koma achaba, akwai wanda ya riƙe haƙƙinsa. 'Yan mata 276 da aka kwashe a Chibok a daren 14 ga Afrilu 2014 sun taru ne domin rubuta jarrabawar kammala sakandare. Bayansu aka yi Dapchi a 2018, aka yi Kuriga a 2024, kuma kowane irin wannan hari yakan sa iyaye masu yawa su ji tsoron tura 'ya'yansu makaranta. Wanda ya dubi waɗannan abubuwa ya ce haka Allah ya so, ya ɗauki sunan Ubangiji ya buga shi kamar hatimi a kan aikin mugaye. Gaskiya ne Allah mai iko duka ne, yana kuma iya fitar da alheri daga cikin mugunta, kamar yadda ya yi da Yusufu. Amma cetar da mutane da Yusufu ya yi a Masar bai mayar da cinikin da 'yan'uwansa suka yi da shi ya zama halal ba.

Ku tuna da mutumin da ya yi shekara 38 yana kwance da rashin lafiya, wanda Yesu ya tarar a bakin tafkin Betasda (Yohanna 5). Da aka tambaye shi ko yana so ya warke, bai ce ba shi da bangaskiya ba, bai ce ba ya ƙoƙari ba. Kukansa shi ne ba shi da mai ɗaga shi, kafin ya ja jiki wani ya riga shi shiga. A irin wannan tafki, mai mutane da mai sauran ƙarfi su ne kullum a gaba, wanda ya fi kowa bukata shi ne a baya. Tallafin karatu sau da yawa haka yake: yakan sami wanda ya riga ya zo bakin ruwa. Abin lura shi ne, da Yesu ya shiga wurin, wajen marar kowa ya nufa. Wannan ya ishe mu amsa ga tambayar 'yarmu. Allah bai ƙi ƙawarta ba. Idonsa yana kanta, yana kuma tambayar waɗanda suka riga shiga ruwa ko akwai wanda zai waiwayo.

Amsa ta uku ita ce jin laifi. Wasu, musamman masu zuciya mai taushi, idan idonsu ya buɗe sai su fara jin kunyar abin da suka samu. Su ɓoye karatunsu, su guji tsofaffin abokai domin ba su san abin da za su ce musu ba, ko kuwa su cika da ɗacin rai a kan ƙasa da ikkilisiya da kowa. Amma ilimi ba zunubi ba ne. Musa ya koyi hikimar Masarawa a fadar Fir'auna, Bulus ya yi karatu a wurin Gamaliyel, Allah kuwa ya mori karatun su biyun. Bawan da ya binne talantinsa a ƙasa tsoro ne ya sa shi, duk da haka ubangidansa bai karɓi uzurinsa ba. Jin laifin da bai haifi aiki ba bai taɓa biya wa maraya kuɗin makaranta ba. Kamar mai fahariya, mai irin wannan jin laifi ma kansa yake kallo.

Godiyar da aka ƙi karɓa

A cikin Luka 18 Ubangiji ya ba da misalin mutum biyu da suka shiga Haikali yin addu'a. Sau da yawa mukan manta cewa addu'ar Bafarisiyen da godiya ta fara. Bai ce shi ya yi kansa ba. Allah ya yi wa godiya. Abin da ya faɗa game da azuminsa da zakkarsa kuma ba a ce ƙarya ba ne. Duk da haka ya koma gida ba a karɓe shi ba. Ina aibin yake? Aibin shi ne ya ɗauki ɗan'uwansa, mai karɓar haraji, ya mai da shi ma'aunin da zai gwada tsawon kansa. Godiyarsa ta tsaya ne a kan cewa shi ba kamar wancan ba ne.

Ashe akwai godiyar da take zunubi. Mutum yana iya tsayawa a gaban ikkilisiya, bakinsa cike da sunan Allah, alhali abin da zuciyarsa take murna da shi shi ne ya tsere wa tsararsa. Ga ma'aunin da za mu gwada godiyarmu da shi: bayan na gama godiya, ɗan'uwana da bai samu ba ya ƙara kusa da ni, ko ya ƙara nisa? Wanda ya gane da gaske cewa kyauta aka ba shi, ba cancanta ba, ba zai iya raina wanda ba a ba ba, domin ya san da ƙyar ne ba su yi musanyar wuri ba. Gata ba lada ba ne da za a yi taƙama da shi, ba kuma laifi ba ne da za a ɓoye. Amana ce. Ubangiji ya faɗa a sarari cewa gwargwadon abin da aka danƙa wa mutum, gwargwadon abin da za a nema a hannunsa (Luka 12:48).

Masu shayarwa biyu

Littafi Mai Tsarki ya ba mu labarin mutum biyu masu aiki iri ɗaya, wato miƙa wa sarki ƙoƙon sha a fadar babbar daula. Na farko shi ne mai shayarwar Fir'auna, wanda ya yi zaman kurkuku tare da Yusufu. Yusufu ya fassara masa mafarki, ya roƙe shi abu ɗaya tak, ya tuna da shi idan ya fita. Mutumin ya fita, ya koma kan aikinsa, ya manta har shekara biyu cur (Farawa 40 da 41). Nassi bai kira shi mugu ba. Daɗin fada ne da yawan hidima suka rufe masa ido. Yawancin waɗanda suka haye ba mugunta take raba su da na baya ba. Mantuwa ce, irin wadda take shigowa a hankali, yau ba a amsa waya ba, gobe an manta sunan ƙauye.

Na biyu shi ne Nehemiya, mai shayarwar Sarki Artashate a Shushan. Ya sami abin da kowane baƙo yake nema a ƙasar waje: aiki mai daraja, amincin sarki, zaman lafiya. Amma da ɗan'uwansa Hanani ya zo daga Yahuza, Nehemiya ne ya fara tambayar halin da waɗanda suka ragu suke ciki. Dukan aikinsa daga wannan tambaya ya taso. Da ya ji garun Urushalima a rushe yake, ya yi kuka da azumi, a cikin addu'arsa kuma ya sa kansa da gidan ubansa cikin masu laifi, bai tsaya daga nesa yana nuna mutanensa da yatsa ba. Wajen wata huɗu ya yi yana addu'a kafin ya buɗe baki a gaban sarki. Da ya buɗe kuwa, ya yi amfani da gatansa sarai: ya nemi izini, ya nemi wasiƙu, ya nemi katako.

Ku lura kuma da yadda ya shiga gari. Kwana uku ya yi bai ce wa kowa komai ba, sa'an nan ya fita da dare ya zaga kangon da idonsa. Wannan darasi ne ga duk wanda ya dawo da babbar takarda. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Malamar firamaren da ta yi shekara ashirin tana koyar da yara tamanin a aji ɗaya ta san abin da ba a koyarwa a Oxford. Nehemiya ya raba aikin gida-gida, kowa ya gina sashen da yake kusa da shi, aka gama garun cikin kwana 52. Da ya ji talakawa suna jinginar da gonakinsu, har 'ya'yansu suna shiga bauta saboda bashi, ya tsawata wa manya a bainar jama'a. Shekara 12 yana gwamna bai karɓi abincin da doka ta ba gwamna ba, domin nauyin ya yi wa jama'a yawa (Nehemiya 5).

Wani zai tambaya, to, dole ne kowa ya dawo gida? Ba zan ɗora wa kowa dokar da nassi bai ɗora ba. Yusufu a Masar ya mutu, Esta ba ta bar fadar Farisa ba, Daniyel ya tsufa a baƙuwar ƙasa, dukansu kuwa sun yi wa jama'arsu hidima daga inda suke. Amma tagar ɗakin Daniyel wajen Urushalima take kallo. Tambayar ba ta tsaya ga inda ƙafarka take ba. Ina tagarka take kallo? Duk da haka kada mu mai da wannan mafaka. Kuɗin da aka aiko yana sayen magani, amma ba ya duba majiyyaci. Dole a sami waɗanda za su dawo da jikinsu. Dakta R. A. B. Dikko, ɗan Wusasa, ya yi karatun likita a Birmingham ya dawo ya zama likita na farko daga Arewa. Farfesa Ishaya Audu ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975, ya yi ministan harkokin waje, a ƙarshen rayuwarsa kuwa yana Samaru yana duba marasa lafiya. Da waɗannan sun zauna inda suka fi jin daɗi, da yawancinmu ba mu sami tsanin da muka taka ba.

Gefen gonar ikkilisiya

Kada mu bar wannan magana a kan ɗaliban ƙasar waje kaɗai. Duk wanda yake iya karanta wannan shafi ya haye wani kogi, kuma wani ne ya goya shi. A 1923 aka fara wa'azi a gindin tsamiya a Garkida, makaranta da asibiti suka biyo baya. A Gindiri aka buɗe makarantar horar da malamai da masu bishara a 1934, daga baya har da ta yara makafi. Kakanninmu sun koyi haɗa baƙi a azuzuwan majami'a, da aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932 kuwa ya zama littafin karatun dubbai. 'Ya'yan manoma ne da ba su da komai. Ilimin da muke taƙama da shi yau a hannun waɗanda suka waiwayo muka karɓe shi.

To, ina muka kai wannan gado? Akwai makarantu da jami'o'in ikkilisiya waɗanda aka gina da baikon gwauraye, mata suka ɗebo yashi da ruwa a ka, yau kuwa jikokin waɗannan mata ba sa iya biyan kuɗin shiga. Na san gudanar da makaranta yana cin kuɗi, malami kuma ya cancanci albashinsa. Amma labarin Eton gargaɗi ne a gare mu: abin da aka kafa domin matalauci yana iya komawa hannun mai kuɗi a hankali, ba tare da kowa ya yi niyyar mugunta ba. Shari'ar Musa ta hana manomi girbe gonarsa har gefe, ta ce a bar wa matalauci da baƙo (Littafin Firistoci 19). Wannan kala haƙƙin matalauci ce da Allah ya yanka masa, ba alfarmar mai gona ba ce. Bulus ma, da yake tara gudummawa domin masu bi na Urushalima, ya ce manufarsa a sami daidaito, yalwar wannan ta rufe rashin wancan (2 Korintiyawa 8).

Bari kowace makarantar ikkilisiya ta bar gefen gonarta, wato kujerun da aka keɓe wa waɗanda ba za su iya biya ba, a rubuta shi cikin kasafin shekara. Bari dattawan kowace majami'a su san yaran da suke zaune a gida da sunayensu, kamar yadda suka san masu bin bashin alkawari. Bari iyalin da suka kawo baikon godiya domin ɗansu ya sami tafiya su haɗa da kuɗin jarrabawar ɗan wani. Wanda ya san hanyar neman tallafi ya zauna da ƙannensa ya nuna musu yadda ake cike takardun, gama sanin hanya ma gata ne. Kada kuma alherinmu ya tsaya a ƙofar majami'a; ɗan Fulanin rugar da ke bayan gari da almajirin da yake miƙa kwano a ƙofar gidanmu suna cikin maƙwabtan da aka ce mu ƙaunata. Sa'an nan mu buɗe baki a taron iyaye da malamai, a gaban kansila da shugaban ƙaramar hukuma, domin makarantar gwamnati ita ce kaɗai makarantar da yawancin yaran ƙasar nan za su taɓa shiga.

Tushen wannan duka shi ne Almasihu kansa. Mu mukan yi tafiya daga rashi zuwa wadata, mu kira shi ci gaba. Shi kuwa ya yi tafiyarsa ta ɗaya fuskar: yana da dukan ɗaukaka, bai riƙe ta kam ba, ya sauko ya zauna tare da waɗanda ba su da mai ɗaga su, ya talauce domin mu wadata. Wanda aka ceta ta wurin irin wannan tafiya ba zai iya cewa na gaba ya yi gaba, na baya sai labari ba. Idan Allah ya haye da kai, ka gode masa da dukan zuciyarka, sa'an nan ka juyo da kwalekwalen.

Addu'a

Ya Uba na sama, mun gode maka domin kowane malami da ya koya mana, da kowane hannu da ya biya mana, da kowace ƙofa da ka buɗe. Ka tsare mu daga godiyar Bafarisiye da mantuwar mai shayarwar Fir'auna. Ka hana mu jingina maka abin da zaluncin mutane ya aikata. Ka kiyaye 'ya'yanmu da suke karatu a ƙasashe masu nisa, ka sa tagoginsu su kalli gida. Ka tuna da yaran da suke zaune ba makaranta, da waɗanda har yanzu suke hannun masu garkuwa, ka kuma mai da mu amsar addu'ar iyayensu. A cikin sunan Yesu Almasihu Ubangijinmu. Amin.